Muryar da Ta Shiga Gida Ba Sallama

Ranar da Sadiya ta fara kai laftof ɗinta shagon gyaran kwamfuta da ke kusa da tashar Kalgo, fitowa ta yi tana cewa ba ta taɓa ganin mai girman kai irin saurayin shagon ba. Ta gaishe shi, ya yi murmushi kawai. Ta zayyana masa yadda na'urar ke mutuwa tana tsakiyar aikin makaranta, ya saurara har ta gama, sannan ya rubuta a wayarsa ya miƙo mata: "Fankar ciki ce ta tsaya. Ki dawo bayan la'asar."

Da ta dawo sai ta same shi yana wani wasa a kwamfuta, irin wanda mutum biyar ke haɗuwa ta intanet su tsare ganuwarsu daga wasu biyar. Ta tsaya kallo har ta manta da fushin da ta zo da shi. Da ya miƙo mata laftof ɗin, bakinta da ba ya riƙe magana ya tambaye shi ko shi ba ya yi wa mutane magana ne.

Ya buɗe baki zai faɗi sunansa, harafin farko ya maƙale. Ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe, da ƙyar "Mujtaba" ya fito. In'ina gare shi, mai tsanani. Kunya ta kama Sadiya kamar ta nutse, ta ba shi haƙuri ya fi a ƙirga. Kafin motar da ta hau ta kai ƙofar jami'a saƙonsa ya shigo, don ta bar lambarta a shagon.

"Kada ki damu. Bakina ne ke da nawa, hannuna ba shi da ita. In kina son wasan nan zan sa miki."

Ya sa mata, ta shiga ƙungiyarsu, daga nan kuma zance ya wuce na ganuwa. Mujtaba a rubuce wani mutum ne daban. Yana da zolaya, yana da daɗin zance, yakan kira ta Sanyin Raina, ita kuma ta ce masa Alƙalamina. In suna tare takan jira shi ya gama magana komai daɗewarta, kuma abin da ya ƙarasa sace zuciyarsa ke nan.

Shugaban ƙungiyar Basharu ne, ɗan wani dillalin shinkafa, mai zaƙin murya da son a ji ta. Shi ma ya ga Sadiya a makaranta, ya kuma ƙyasa. Kullum ƙorafinsa ɗaya, wai rubutu na kashe su, kafin mutum ya rubuta "ga su nan ta hagu" an riga an gama da shi, don haka ya kamata wasan ya zo da murya a cikinsa, kowa ya ji kowa. Ba ƙarya ya yi ba, sun sha faɗuwa a kan haka. Mujtaba kuwa yakan rubuta cewa in za a sa murya a sa mata ƙofa, kada ta buɗe sai mutum ya yarda, don ba kowa ke wasa a shago ba, wasu a tsakiyar iyalinsu suke. Sauran suka ɗauka taurin kai ne, domin babu wanda ya san dalilinsa sai Sadiya.

Da abin ya yi nisa, Kawu Hassan na Kambaza ya je Gwandu wurin mahaifinta, Malam Sadiƙ, ya nema wa ɗan ƙanwarsa Mujtaba iznin zuwa zance, aka ba shi. Al'ada ta yi wa Mujtaba rana a nan. Ba a son saurayi mai surutu gaban suruki, don haka in ya haɗu da Malam sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai ya motsa leɓe, Malam ya ce yaron akwai kunya.

Amma tsoro bai bar shi ba. Malam Sadiƙ malamin karatu ne da aka sani a unguwa da kaifin kunne, ɗalibi bai isa ya haɗiye harafi a gabansa ba. Shi ya sa Mujtaba ya roƙi Sadiya ta yi masa alkawarin ba za ta faɗi maganar in'inarsa a gida ba sai an sa rana. Ta yi alkawarin, ranta bai so ba.

Ana cikin hutu abin ya faru. Sadiya na zaune a rumfar tsakar gidansu bayan azahar, mahaifiyarta Inna Delu na gefe tana ɓarar gyaɗa da ɗaurin ƙirji saboda zafi, Malam kuma ya shigo daga zaure zai sake alwala. Sadiya ba ta san masu wasan sun sabunta shi ba. Sun sa muryar da Basharu ke nema, kuma sun bar ta a buɗe ga duk wanda ya shiga.

Tana dannawa sai dariyar maza ta cika gidan. Muryar Basharu ta fito tar daga lasifika.

"Ga ta nan ta shigo. Sadiya masoyiyata, yau dai sai mun ji muryar nan da ake yi mana rowa. Wa ke kusa da ke muke jin yana ɓarar gyaɗa? Tsohuwa ce? A ce muna gaisuwa, ta ajiye mana gyaɗar."

Inna Delu ta saki tire ta rarumo hijabi ta rufa, don ita a saninta maza sun shigo. Sadiya ta rasa inda za ta danna. A gefen allon saƙon Mujtaba ke ta sauka: "Rufe kwamfutar. Suna jin gidanku. Rufe, Sadiya." Ta kifa murfin, amma ta makara, Malam na tsaye da buta a hannu.

Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tayar mata da hankali.

"Halimatusa'adiya, gidan ga ko ƙanena ba ya wuce zaure sai ya yi sallama an amsa. Wane ne wanga da yash shigo har gaban uwarki?"

Ta ce wasa ne. Ya tambayi wanda ya sa mata shi, ta ce Mujtaba. Malam ya gyaɗa kai, shi a wurinsa lissafi ya fita: wanda ya sa abin, wanda kuma ke da bakin ce mata masoyiya, ai mutum ɗaya ne. Ta rantse ba muryarsa ba ce. Ya ce kowace yarinya haka za ta ce. Maganar da za ta wanke shi tana kan harshenta, alkawari ya danne ta, sai hawaye.

Malam ya ce zai aika Kambaza a dakatar da maganar. Inna ta sa baki da lallashi, ya ɗan sassauta, ya ce to yaron ya zo da kansa ranar Juma'a bayan an sauko, ban da kawunsa, ya yi magana da bakinsa. Shi kunnensa ba ya manta murya. In ita ce, magana ta ƙare.

Ya karɓe laftof ɗin, ya bar mata waya. Ta shige ɗaki ta rubuta wa Mujtaba duk yadda aka yi, ta ƙara da cewa: "Ka sake ni daga alkawarin nan, ko ka zo. Ɗaya za ka zaɓa, Alƙalamina, don ni na kasa."

Ta ga alamar ya karanta, amma babu amsa. La'asar ta yi, magariba ta wuce, gari ya waye, wayar na hannunta kamar an ɗinka mata ita. Abinci ya ƙi shiga. Saƙon da ya shigo na Basharu ne, yana ba da haƙuri wai shi wasa yake yi, a ƙarshe kuma ya ce in ta ba shi dama iyayensa za su zo su gyara komai. Ta toshe lambarsa ba tare da ta amsa ba.

Sai da rana ta take sannan Mujtaba ya rubuto.

"Sanyin Raina, ban yi barci ba. In na buɗe baki Malam zai san ba ni ba ne, kuma zai san irin bakin da zai ba 'yarsa. Mutumin da ke gyara wa mutane harafi, ni kuwa sunana ma sai na yi kokawa da shi. Ina tsoron in wanke kaina in rasa ki."

Ta share ido ta amsa: "In ba ka zo ba ka riga ka rasa ni. Ni na ji bakin nan na zauna. Ka bar Baba shi ma ya ji."

Ya rubuto kalma biyu: "Zan zo."

Ranar Juma'a Sadiya ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, har Inna ta ce ta bar musu ƙasar haka nan. Da ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida sai ta lallaɓa ta tsaya bayan ƙofar da ta raba zaure da cikin gida, Inna ma ta biyo ta, wai tsintsiya ta zo ɗauka.

Suka ji takunsa ya tsaya a bakin zaure. Sannan sallamar ta fara, ta maƙale a harafin farko. Ya ja, ya sake ja. Sadiya ta dafe ƙirji, tana ƙarasa masa a zuciyarta. Malam bai taimake shi ba, har sai da sallamar ta fito cikakkiya. Sannan ya amsa ta cikakkiya shi ma, ya ce ya shigo.

Mujtaba ya shiga ya durƙusa. Malam ya dube shi.

"Tun yaushe kake da wagga lalura?"

Mujtaba ya ce tun yana yaro. Malam ya ce ba muryar da ya ji ba ce, wannan kam ya tabbata. Amma mi ya sa aka ɓoye mashi?

Abin da Mujtaba ya faɗa bai fi jimla huɗu ba, amma ya ɗauke shi lokacin da wani zai ba da labari guda. Ya ce tsoro ne ya sa, kuma shi ya ɗaure Sadiya da alkawari, kada a ga laifinta. Ya ce shi ya sa mata wasan, ya kuma san ana shirin sa murya, bai gargaɗe ta da wuri ba, don haka shigar da aka yi wa gidan da hannunsa a ciki. Ya nemi gafarar Malam, ya ce a roƙa masa Inna.

A bayan ƙofa Inna ta kai bakin hijabi ido. Sadiya kuwa numfashinta ta riƙe, don ta san yanzu ne za a yanke.

"Wancan mai zaƙin baki ya shigo mani gida bai tambayi kowa ba," in ji Malam. "Kai ko ka tsaya bakin zaure kana faɗa da harshenka don ka yi sallama. Ni ɗalibin da nike faɗa da shi shi ne mai gaggawa, ba wanda Allah ya jarraba ba. Ɓoyon ne ban so ba, kada ka sake. Ka ce ma Hassan ya zo mu sa rana."

Sadiya ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Inna ta ja ta ciki tana cewa ta rufa musu asiri kada a ji.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Rigata ta jiƙe sharkaf, Sanyin Raina. Amma na fito da ke."

Malam ya mayar mata da laftof ɗin da sharaɗin a rufe muryar, Mujtaba ya nuna mata inda ake kashewa. Su biyun suka bar ƙungiyar Basharu, biyu daga cikin abokan suka biyo su. Wasu lokutan rubutu na sa su faɗi, Sadiya ta yi ta mita, amma babu wanda ya ce a buɗe.

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Sadiƙ. Mutanen Kambaza suka cika mota, abokan shago suka zo daga Kalgo, aka yi addu'a aka raba goro. Da za a tafi da amarya aka kai ta gaban mahaifinta, kanta a lulluɓe, tana jiran doguwar nasiha irin tasa. Bai tsawaita ba.

"Halimatusa'adiya, mijinki mai gaskiya ne, sai dai maganarshi na zuwa a hankali. Ranar da ranki ya ɓaci za ki so ki ƙarasa mashi, ko ki yanke hukunci tun bai kai ƙarshe ba. Kada ki yi. Ni na kusa yin haka, da na yi asarar ɗa."

Ya ɗora hannu a kanta. Ya ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka, ya sa gidansu ya zama inda ake sauraron juna. Mata suka amsa da amin, aka kama hannun amarya aka nufi mota, Mujtaba na can Kalgo yana jiranta.