Jar Takardar Hamidu

Ana dab da kiran magariba a Agege, Zinariya na kwashe tuwo, abu ya faɗo kan rufin kwano. Na biyu ya biyo baya, na uku ya faɗa cikin miya. Notuna ne na ƙarfe, da ɗuminsu.

Mijinta Hamidu ya juya ɗaya a tafin hannu, ya gane na jirgin sama ne. Shekara tara yana shugaban sito a wurin gyaran jiragen sama a Ikeja. A ranar, da hantsi, injiniya ya ga tsaga a wata ƙafar jirgi, Hamidu ya ɗaura mata jar takarda, ya kulle ta a keji, sai Asabar a yanka ta da wuta. Abin da aka ɗaura wa ja ba ya sake tashi sama.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu 'yarsu Safi ta juya wa mutane baya, tana gurnani kamar injin da ake ɗumamawa.

Aka ɗauko Malam Abdulwahid daga Idi-Araba. Ya daɗe yana karatu a hankali, har Safi ta buɗe baki da muryar tsoho.

"Gidana ka kulle, oga. Shekara bakwai ina cikin ƙafar nan, Jidda, Kano, Ikko. Cire jar ka ɗaura koriya, a mayar da ni jirgi, in sakar maka yarinya."

Zinariya ta kama gefen rigarsa. "Maigida, takarda ce fa kawai."

"Alhazai ɗari da hamsin za su sauka a kanta," in ji Hamidu. "Manaja ma ya nema, da taye a wuya, na hana shi. Balle kai da ko katin shiga ba ka da shi."

Safi ta sandare, idanunta suka kafe. Hamidu bai janye maganarsa ba.

"Ƙarfen kake so ko tafiyar?" Malam ya tambaya.

Muryar tsohon ta ce, "Tafiyar."

"Jirgin ƙasa na ratsa Agege zuwa Kano. Ƙafafunsa sun fi ɗari, zaɓi ɗaya."

"Ni da na saba da gajimare?"

"Ko shi, ko wutar Asabar kana ciki," in ji Hamidu.

Can nesa jirgin ƙasa mai zuwa Arewa ya yi kuka. Safi ta yi atishawa sau uku, ta kira uwarta da muryarta.

Ranar Asabar, Hamidu ya ƙwanƙwasa ƙafar jirgin saman, ya yi sallama. "In da saura a ciki, ya fita." Sannan ya ce wa mai walda ya kunna.