Tasin da Ta Gangaro Shiru

Da hantsi aka kira Insfekta Zakariyya'u. Wata tsohuwar tasi ta saki hanya a gangaren Gonin Gora, ta afka wa Esther mai sayar da doya. Kafin ya isa, rai ya yi halinsa.

Direban, Tanko, ya ce birki ne ya ƙi kamawa, kuma jiya-jiya makanikinsa Sylvanus ya taɓa shi. Samarin unguwa ba su jira bincike ba, suka yi wa Sylvanus jina-jina. Da ƙyar aka ƙwace shi zuwa bayan kanta, dangin mamaciyar kuma suka rantse sai sun ƙone garejinsa.

Sylvanus ya ce ko kusa bai taɓa birki ba. Shan mai ne ya kawo motar. Ya wanke kabureta, ya ƙara wa tayoyi iska, ya ce a sauya fulogi, Tanko ya ce sai wani jiƙon.

Insfekta mutum ne da ba ya sayen zance a baki. Ya tayar da motar a harabar ofis, ya ja ta, ya taka birki. Ta tsaya cak. Ƙarar fasasshiyar salansarta kuwa sai da ta fito da DPO, shugaban 'yan sandan yankin, daga ofishinsa.

Ya koma wajen Maryam mai gasa masara, maƙwabciyar Esther a bakin titi.

"Ba ku ji tahowarta ba?"

"Ko kaɗan, yallaɓai. Da mun ji, ai da ta kauce."

Ya dawo ransa a ɓace, ya zaunar da Tanko.

"Motar da ake jin kukanta tun daga Unguwar Boro, yaya ta gangaro shiru?"

Tanko ya yi ta kame-kame. Insfekta ya tuna masa abin da kowane direba ya sani: in inji ya mutu, birki sandarewa yake yi.

"Kashe ta na yi," in ji Tanko. "Kullum haka nake yi a gangare, don mai ya kai ni yamma. Tsoro ne ya sa na ambaci Sylvanus."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ciki.

Insfekta bai ko zauna ba. Ya sa Sylvanus a motar sintiri suka nufi garejin. Victor, yayan Esther, na tsaye a ƙofa da jarkar fetur a hannu. A gaban jama'a Insfekta ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba.

Victor ya daɗe yana kallon kumburarriyar fuskar Sylvanus. Sannan ya ajiye jarkar, ya durƙusa yana kuka.