Babur ɗin Ashiru

A ɗakin taron wata makaranta a Birnin Kudu suka fara ganin juna, ranar da aka tara ɗaliban ilimin muhalli don ma'aikata su nuna musu inda aiki yake bayan karatu. Malamin daji ya yi magana, mai harkar shara ya yi, wani mai gwajin ƙasa ya yi ta zuba Turanci har rabin ɗakin ya kama gyangyaɗi. Sai aka kira Munzali, ma'aikacin wata ƙungiya mai lura da cikar koguna.

"Ni ban san kowa ba da na gama karatu," in ji shi. "Wani bawan Allah ne ya tsince ni a irin wannan taro, ya goya ni a babur, ya kai ni wurin masu kwalekwale da makiyaya da matan da ke wanki a bakin kogi. Ya ce su ne ofishinmu. In ruwa ya taso daga saman kogi su bugo waya, mu kuma mu gaya wa na ƙasa su kwashe. Ku karɓi lambar manya, amma ku taka ku je wurin mutane. Zumunci a ƙafa yake."

Lailatu, ɗaya daga cikin ɗaliban, ta ɗago kai. Su ne ofishinmu. Maganar yayanta Ashiru ce, wanda kogi ya ci damina biyu da suka wuce. Wayar wani ƙauye ce ta ƙi shiga, ya ajiye babur a gaɓa ya tsallaka ya gaya musu. Suka tsira, shi bai dawo ba.

Da aka tashi ta bi bayan Munzali. A gindin darbejiya ta ga babur ɗin Ashiru, wanda ƙungiya ta miƙa wa Munzali, har da jan zaren da ita da kanta ta ɗaura a jikin madubi.

"Malam, ni ƙanwar mai babur ɗin nan ce," ta ce.

Ya daɗe yana kallonta. "Laila. Kullum sai ya ce ke za ki fi shi."

Daga nan fa aka fara. Da farko, wai, maganar aiki ce kawai. Ya haɗa ta da wata Hajiya mai gidan renon itatuwa a Wurno, ya sa ta a zauren wayar tsofaffin ɗalibai, ya koya mata ta riƙa gaishe da mutum tun kafin ta buƙace shi. Amma ni dai ban taɓa jin inda neman aiki ya haɗa da tambayar ko an ci abincin rana ba.

Wata rana ya turo mata: "Lailata, ina Kiyako. Ruwa ya sauka, hankalina ne bai sauka ba. Yaushe zan zo Gwaram in gaishe da su Inna?"

Ta mayar masa: "Malamin Ruwa, ka zo Juma'a da la'asar. Ka sa hula mai kyau, ba wannan ta ƙungiya ba."

Ya sa hular. Abu ɗaya ne su biyun suka manta.

Inna Hajjo, mahaifiyar Lailatu, tana gindin murhu ta ji ƙarar babur ya karyo lungu, da wannan ɗan tarin da yake yi in an rage masa wuta. Ta fito a guje ba takalmi, ludayi a hannu, tana kiran sunan da ba a ambata a gidan. A ƙofar zaure ta yi turus. Baƙuwar fuska ce a kan babur ɗin ɗanta.

Ba ta yi kuka ba. Ta amsa gaisuwarsa, ta koma ciki, ta kwana uku tana zazzaɓi.

Da ta warware ta kira Lailatu. "Karatun na bar ki don ubanki ya matsa. Amma ba zan ba da ke ga mai bin kogi ba. Na ba kogi ɗaya, ya isa."

Malam Hambali, mahaifin Lailatu, ya ce shi ba shi da ta cewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma shi ma saran bai bar shi ba.

Sai ga Badaru, mai shagon siminti a bakin kasuwa, da mota da turare. Inna ta so shi, don ko a damina ƙafarsa ba ta taɓa laka. Shi ne ya ce wa Lailatu, "Wancan ba sonki yake ba. Tausayi ne. Yayanki yake gani a fuskarki."

Maganar ta zauna mata a rai, don ita ma wani lokacin in Munzali ya yi dariya sai ta ji kamar wani ne a bayansa. Ta rubuta masa: "Ka gaya mini gaskiya. Ni kake so ko alherin Yaya kake ramawa?"

Amsa ta zo: "Alherinsa na rama da na haɗa ki da mutanensa. Wanda nake kasa cin abinci in kin yi fushi, wannan nawa ne, Laila. Bai bar mini shi a gado ba."

Ta sallami Badaru. Munzali kuma bai daina zuwa gaishe da Malam Hambali ba, sai dai tun daga bakin lungu yake kashe babur ya turo shi da hannu, yana haɗa gumi, yara na yi masa dariya. Inna tana hango shi ta kafar zana.

Cikin watan Agusta, da hantsi, ana yayyafi, wayar Inna ta yi ƙara da baƙuwar lamba.

"Gidan su Malam Ashiru ne? Ɗanbala ne mai kwalekwale, daga wajen Sara. Wayata ta faɗa ruwa, ta aro ce wannan, lambar nan kaɗai na haddace, Malam Ashiru ne ya sa ni. Inna, ruwa ya taso ja wur, yana tafe da itatuwa. A gaya wa mutanen ƙasa."

Inna Hajjo ta tsaya da waya a kunne. Muryar baƙo ce, amma saƙon na ɗanta ne, kuma yau a hannunta ya faɗo. Ta ƙwala wa Lailatu kira. Lailatu ta danna lambar Munzali, Inna ta fizge wayar ta faɗa masa saƙon ba ta rage komai ba. Sannan ta ƙara da cewa:

"Ɗan nan, kada ka shiga ruwan. Ka ji ni? Ko wayarsu ta ƙi shiga."

"Ba zan shiga ba, Inna," ya ce. "Bayan abin da ya faru muka bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kowanne da mutum uku masu waya, da lasifikar masallaci. Lailatu ce ta haɗa na matan. Ba wanda zai sake tsallakawa."

Ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi, Lailatu na gefenta tana ta buga waya, tana kiran mata da sunayensu kamar ƙawayenta. Kafin azahar ƙauyuka sun hau tudu da awakinsu da buhunansu. Ruwa ya ci gonaki, bai ci rai ba.

Da la'asar Munzali ya shigo lungu yana tura babur, wandonsa duk laka amma a bushe daga gwiwa zuwa sama. Nan Inna ta fara duba. Sai a ranar ta yi kukan da ta riƙe shekara biyu.

"Ka turo manyanka," ta ce tana share fuska da gefen mayafi.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Hambali. Malaman daji sun zo, Hajiyar Wurno ta aiko da dashen mangwaro, Ɗanbala ya zo da mutanen kogi cike da mota. Aka yi addu'a Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya jiƙan wanda ya haɗa taron bai gani ba.

Da ango ya zo gaisuwar surukai ya kashe babur a bakin lungu kamar kullum. Inna ta aika aka tsayar da shi, ta fito da kanta har ƙofar zaure.

"Tayar da shi, Munzali," ta ce. "Ka shigo da shi da ƙararsa. Yanzu na san wanda ke zuwa."