Ƙundun Kazar Ango

Sufeto Mabvuto Jere ya gama cin tuwon masara da ƙananan kifi ke nan, yana suɗe yatsu, sai wani saurayi ya faɗo ofishinsa kamar an jefo shi. Ranar Alhamis ce, garin Kitwe lafiya lau, tun safe ko buta ba a kawo ƙarar an sace ba. Sufeto mutum ne mai son irin wannan rana.

"Yallaɓai, ana yi min sata!"

"Zauna tukuna. Wa ke magana?"

"Kangwa Katongo. Ɗaukar bidiyon biki ce sana'ata."

"Katongo? Ashe ɗan Bemba ne. To, birin miyarku aka sace?"

Sufeto ɗan ƙabilar Ngoni ne, abokan wasan Bemba masu tsokanarsu da cin biri, bai taɓa ganin abokin wasa ya ƙyale shi ba. Amma saurayin ko murmushi bai yi ba, sai Sufeto ya goge hannu ya gyara zama.

Ranar Asabar za a yi auren Mapalo, ƙanwar Kangwa. Makon jiya matan gidansu suka kai wa ango abinci kamar yadda aka saba, tukwane a ka, ana kiɗa ana guɗa. Da aka kwance ƙyallen tukunyar kaza a gaban dangin ango, sai aka tarar babu ƙundu a ciki. Kai wa suruki kaza ba ƙundu kuwa zagi ne ƙiri-ƙiri. Laifin ya faɗa kan Gwaggo Chileshe, wadda ta yi girkin, wadda kuma ta riƙe Mapalo tun rasuwar mahaifiyarsu. Yau da ƙarfe huɗu dangin ango za su zauna. In ba a kawo musu bayani ba, an fasa auren.

"Shekaranjiya muna cin abinci na tuna na kafa kyamara a kicin ranar girkin," in ji Kangwa. "Na faɗa wa kowa. Jiya ina garin Ndola wajen aiki. Yau na zo in jawo bidiyon daga akwatin ajiyata zuwa kwamfuta, abin da a da kafin ka gama shan shayi ya sauko, wai sai jibi! In na kunna shi daga can kuma, sai ya tsaya cak."

"To ina satar?"

"Wani ne ke jan kayana ta wayfai. Lubinda, ɗan hayarmu."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Ba wani sanin kwamfuta ya yi ba, amma ya yi shekaru a sashen kula da hanya. A iya saninsa, in kaya suka ƙi isowa, ko dai hanya ce, ko mota, ko wurin lodi.

A ƙofar gidan suka tarar da Baba Katongo, mahaifin Kangwa, zaune a inuwar mangwaro. Tsohon ma'aikacin lantarki ne a mahaƙar tagulla, dattijo a majami'a, rigarsa a goge kamar mai shirin ɗaukar hoto.

"A'a, yau masu cin ɓera ne a gidana? Mu dai rumbunmu ba ɓera, sai ka yi haƙuri."

"Ba komai, Baba. Na zo duba ko kun bar biri ko ɗaya a kan bishiyar nan."

Tsoho ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Ɗakin aikin Kangwa ƙarami ne. Akwatin ajiyar yana kan kanta, baƙi, bai fi girman burodi biyu ba, yana ta gurnani a hankali. Allon kwamfuta na nuna dogon layin saukar bidiyon, wanda ya cika kamar faɗin farce kawai.

Aka kira Lubinda. Ya shigo da silifas da gajeren wando, yana hamma.

"Kana hawa wayfai ɗin gidan nan?"

"Ni? Yallaɓai, ko lambar sirrin ban sani ba."

"Ba ni wayarka."

Alamar wayfai a cike take taf a saman wayar, ga wani fim ɗin Koriya yana sauka. Lubinda ya sosa ƙeya.

"Kanta take kamawa, Yallaɓai. Wayoyin zamani ne."

"Ita ma za mu tsare ta. Kangwa, kore shi daga kai. Kore kowa."

Kangwa ya kashe wayfai ɗin gaba ɗaya. Suka zuba wa layin ido. Ko gezau.

"Ɓarawo ne, amma ba namu ba," in ji Sufeto. "Je ka sa dogon wando." Ya juya ga Kangwa. "Hanya ta fita. Saura mota."

Kangwa ya ɗauko sabuwar wayar haɗi a leda, ya zare tsohuwar, ya haɗa kwamfutar da akwatin kai tsaye. Fitilar bayan akwatin ta kawo kore, wadda ya ce ita ce alamar cikakken gudu. Layin dai yana nan inda yake.

Sufeto ya lura ƙasan ɗakin a share yake tas, ya tambayi mai shara. Aka kira Gwaggo Chileshe. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, idanunta sun kumbura. Ganinta ya sa Sufeto ya ajiye wasa gefe guda.

"Gwaggo, jiya kin shigo nan?"

"Ban shigo ba."

"Tsintsiyar kanta ta shigo?"

"Na share da hantsi. Ban taɓa komai ba."

"Na yarda. Wannan abu mai gurnani, haka yake yi jiya?"

"Jiya shiru yake. Har na ce yau an huta."

Kangwa ya zabura. "Ba ya mutuwa, Yallaɓai! Ko an ɗauke wuta yana da baturi."

"Ke nan wani ya kashe shi. Gwaggo, wa kika gani?"

"Ban ga kowa ba."

Ta faɗa da sauri, idonta a kan taga. Sufeto bai matsa ba. Ya san ƙaryar mai kare kansa, ya kuma san ta mai kare wani.

"Saura wurin lodi," ya ce. Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya ji zafi da rawa. "Ba wanda ke jan komai sai kai, amma yana aiki kamar injin niƙa ranar kasuwa. Aikin me yake yi? Tambaye shi."

Kangwa ya buɗe shafin kula da akwatin, abin da ruɗewa ta hana shi yi tun safe. Ya karanta, ya sake karantawa, ya dafe kai.

"Yana sake gina faifai na biyu."

"Yi min da yaren mutane."

"Faifai biyu ne a ciki, tagwaye. Duk abin da na ajiye, yana shiga duka biyun. In ɗaya ya mutu aka sa wani, akwatin zai kwafe komai daga mai ran zuwa sabon. Shi yake yi tun jiya, shi ya sa ba ya kula ni." Ya matso da fuska jikin allo. "Kuma wannan ba faifaina ba ne! Wani tsohon kwarkwaɗaɗɗe ne, da ƙyar yake numfashi."

"Yauwa, yanzu muka samu sata. An ɗauke naka an sa wani. Amma bidiyon yana nan?"

"Yana nan a ɗayan."

Sufeto ya ji daɗi har cikin ransa. Ɓarawon ya zo kashe shaida, sai ya kawo mata sabon ɗaki.

Ya sunkuya ya duba murfin bayan akwatin. Sukurori huɗu ne ke riƙe da shi, kuma tsagar kowanne a tsaye take cak, ba wadda ta karkata. Ya ɗaga kai ya dubi makunnin fitila a bango. Tsagar sukurorinsa a tsaye. Ya fita falo ya dubi soket, ya dubi marfin mita. Duk haka suke, kamar kurata a fareti.

"Kai kake ɗaure sukuru haka?"

"Ni in ya ɗauru ai shi ke nan," in ji Kangwa.

"Wa ya yi wayarin ɗin gidan nan?"

Kangwa ya juya ya dubi taga, wajen inuwar mangwaro. Fuskarsa ta canja.

"Za ka iya dakatar da ginin faifan nan na ɗan lokaci?" in ji Sufeto.

"Zan iya."

"Kada ka taɓa tukuna. Kira min kowa."

Suka cika ɗakin. Mapalo ta fito daga ɗakin da take ɓoye tun makon jiya, ta raɓe a bayan Gwaggo. Baba Katongo ne ya shigo a ƙarshe, aka ba shi kujera.

"Baba, jiya da hantsi kana ina?"

"Majami'a. Taron dattawa."

"Ranar Laraba?"

"Aikin Allah ba shi da rana, ɗan Ngoni."

"Gaskiya ne. Ka taɓa buɗe akwatin nan?"

"Ni da na yi aiki da injin da ya fi gidan nan girma, me zan yi da abin wasan yara?"

"Shi ke nan. Albishirinku, bidiyon kicin yana nan lafiya. Ashe akwatin kwafi biyu yake ajiyewa."

"Biyu?" in ji tsoho. Muryarsa ta fito siririya.

"Biyu, Baba. Kangwa, dakatar."

Kangwa ya danna. Gurnanin akwatin ya lafa. Layin da ya wuni yana rarrafe ya zabura, ya wuce kwata, ya doshi rabi, ana ganinsa da ido yana tafiya. Lubinda ya ce "Kai!" daga bakin ƙofa. Ba wanda ya kula shi.

Sufeto ba allon yake kallo ba. Baba Katongo ya ciro hankici ya goge wuya, ya mayar aljihu, ya sake cirowa. Layin ya wuce rabi.

"Kashe abin nan, Kangwa," in ji tsoho.

"Baba, saura kaɗan."

"Na ce ka kashe! Ni ne." Ya sunkuyar da kai. "Ni na ci ƙundun."

Ya ci gaba, bai dubi kowa ba.

"Mata suna waje suna rawa, na shiga neman ruwa. Ƙamshi ya dake ni, na buɗe tukunya. Tun ranar da na auri mahaifiyarku, duk kazar da aka dafa a gidan nan ƙundunta nawa ne, ba na tambaya. Hannuna ne ya tafi da kansa. Sai da na ji ana ɗaure tukunyar da ƙyalle na gane ta ango ce. Na ce ba za a lura ba. Da aka lura, na ce gobe zan faɗa. Goben ta yi ta tafiya."

"Faifan fa?" in ji Sufeto.

"Na taɓa jin yaron nan ya ce a faifai bidiyo yake zama. Na buɗe na karanta girmansa, na je kasuwa na sayo na hannu. Na ga biyu ne, na ɗauka ɗayan safaya ce, kamar fiyus. Naka yana cikin akwatin kayan aikina, Kangwa, na naɗe shi da safa. Ko ƙura bai sha ba."

"Na gan ka kana fitowa da sukundireba, Yaya," in ji Gwaggo Chileshe. Ba ta ɗaga murya ba. "Tun ranar girkin ma na ga mai a gemunka."

"Kika yi shiru?"

"Uban amarya ne kai. In suka raina ni, an raina mai girki. In suka raina ka, ita suka raina." Ta share ido da bakin zane. "Amma na zaci za ka tashi ka yi magana lokacin da uwar ango take ce min ban iya tarbiyya ba. Na yi ta kallonka, Yaya."

Tsoho ya kasa ɗaga kai. Ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban ƙanwarsa, mutumin da gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa sai a majami'a. Mapalo ta fashe da kuka, can kuma sai dariya ta ƙwace mata, ta kasa tsayar da ko ɗaya.

"Baba, a kan ƙundu? Ƙundu fa!"

Sufeto ya dubi agogo. Huɗu ta kusa.

"Kangwa, kai ne mai ƙara. Sata ce, an kama ɓarawo, an samo kaya. In rubuta?"

Kangwa ya dubi ubansa a durƙushe. "Na janye, Yallaɓai."

"Ka janye taka. Ta dangin ango tana nan. Baba Katongo, tashi, na kama ka. Can za mu, ka biya su ƙundunsu. Akwai zakara a gidan nan?"

Akwai, wani jibgegen ja da tsoho yake tanadi don Kirsimeti. Lubinda ne ya bi shi da gudu har bayan ɗaki ya kamo, aka ɗaure masa ƙafa. Sufeto ya buɗe ƙofar bayan motar 'yan sanda, Baba Katongo ya shiga, aka ɗora masa zakaran a cinya. Maƙwabta sun fara leƙowa ta saman katanga.

Gwaggo Chileshe ta fito da sabon zane da ɗankwali, ta buɗe gaba ta zauna ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Tsoho ya matso bakinsa kusa da kunnen Sufeto. "Ɗana, don girman Allah, mu bi ta bayan layi. A hankali, ba sai unguwa ta sani ba."

Sufeto ya tayar da mota, ya dubi matar da ke gefensa. "Gwaggo, me kika ce?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a madubi, ta sauke gilas ɗin taga har ƙasa.

"Bi ta bakin kasuwa," ta ce. "Ka kuma kunna jiniya."