Kwatar da Ta Bushe

Ranar Talata aka binne Jawahir a Kwaciri, 'yar shekara huɗu. Ita ce ta uku cikin mako guda. Duka yaran maganin zazzaɓi ɗaya suka sha, na wani ƙaramin kamfani a Sabon Gari.

Insifekta Sadisu ya tarar da mai kamfanin, Madam Nneka, tsaye gaban tukwanen ƙarfe.

"Yaya kuke tace maganin?"

"A narkar da garin maganin a ruwan zafi, a bari ya huce. Mai kyan sai ya daskare ƙwaya-ƙwaya, fari kamar gishiri. Dattin yana cikin sauran ruwan. Guba ne, zubarwa ake yi."

"Wa ke zubarwa?"

Ta nuna wani dattijo. "Malam Kyari. Shekararsa sha ɗaya a nan."

"Kullum a kwata nake juyewa, ranka ya daɗe," in ji Kyari. Bai ɗago kai ba.

Insifekta ya ɗebi ƙwayoyin a tafin hannu. Ba farare ba ne. Rawaya-rawaya ne.

A bayan kamfanin ya sami Kafayat mai sayar da amala.

"Iya, ruwan kamfanin nan yana damunku?"

"Da dai! Wari har masu ci su gudu. Amma wata guda ke nan ko ɗigo. Na ce ko Madam ta tuba ne."

Ya leƙa kwatar. A bushe take ƙayau.

Ya koma ciki. "Malam Kyari, ina ka kai ruwan wata guda?"

Dattijon ya zauna a ƙasa.

"Rannan na manta bokitin ruwan a rana, na ga ƙwayoyi a gindinsa. Na ce ashe magani muke zubarwa, ga talakawa na nema. Almubazzaranci ne. Sai na riƙa tafasa ruwan har ya ƙafe, in haɗa da mai kyau."

"Ka tambayi Madam?"

"Tambayar me? Idona ya gani."

Haka jahilci yake. Ko da kyakkyawar niyya, kisa yake yi.

"Ka san yaran da suka mutu?"

"Ɗaya. Jawahir jikata ce. Ni na kai wa uwarta kwalbar maganin."

Aka sa masa ankwa. A mota ya roƙi kada a bi da shi ta Kwaciri. Insifekta ya ce wa direba ya zaga.

Kwalabe ɗari huɗu kuwa sun riga sun shiga gari, ba wanda ya san gidajen da suka shiga.