Duk Ƙofar da Ya Yaba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ƙofar gidansu yake yabo, ba ita ba.

Tana tsakar gida tana shanya kaya ta jiyo muryarsa daga waje. Kowa a tsohuwar unguwa ya san muryar Jagora, saurayin nan da ke zagayawa da baƙi a ƙafa, lungu-lungu, yana nuna musu hasumiyar agogo da tsofaffin benaye da ƙofofin katako masu sassaƙa waɗanda unguwar ta yi suna da su. Ita dai ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

"Ku dubi ganyayen nan da aka sassaƙa," in ji shi. "Ku duba da kyau, babu biyu da suka yi kama. Wanda ya yi wannan aikin..."

Sai ta buɗe ƙofar don ta leƙa. Suka yi ido huɗu, hannunsa na miƙe yana nuna daidai fuskarta. Bayanin ya tsaya cak.

Wata tsohuwa cikin baƙin ta ce, "To, malam, ci gaba mana. Ita ma sassaƙa ta aka yi?"

Aka kwashe da dariya. Auta ta mayar da ƙofar da sauri, ta jingina da ita.

Bayan haka sai hanyar Jagora ta riƙa biyowa ta makarantar firamaren da take koyarwa, alhali babu wani ginin tarihi a wajen, in ba tankin ruwa mai tsatsa ba. Da ta tambaye shi, ya ce ai tankin ma yana da tarihinsa. Ranar ya karɓi lambar wayarta, daga nan suka fara musayar saƙonni.

"Mai Ƙofa, yau na tsaya a gidanku da baƙi, na ja bayani har suka gaji, ba ki leƙo ba. Ki ji tausayin baƙin nan."

"Sarkin Surutu, ina makaranta. Ka gaida min ƙofar, tunda ita kake so."

"Ita nake yabo. Wadda ke bayanta nake so, kuma da aure."

Ta karanta saƙon nan har sai da ta haddace shi.

A makon ne aka wayi gari babu ƙofar gidan wani mai ɗinki. An cire ta daga mazauninta tsaf, ba a fasa komai ba, ba wanda ya ji motsi. Sai wani baƙin rami a bango, iska na kaɗa labulen ciki. Ba a daɗe ba ta tsohon ɗakin karatu ta bi, sannan ta gidan wasu marayu a bakin kasuwa. Mutane suka koma rufe gidajensu da kwano da buhu. Lungunan da Auta ta taso a ciki suka zama kamar bakin da aka fizge wa haƙora.

Wani ne ya fara faɗa a wajen mai shayi, ba a san ko wane ne ba: duk ƙofar da ta ɓata, sai da Jagora ya tsaya a gabanta ya yaba ta.

Baban Auta kafinta ne, shagonsa na jikin gidan, kuma kakansa ne ya sassaƙa ƙofar tasu. Da Umma ta kai masa maganar Jagora, ko ɗago kai bai yi daga katakon da yake gogewa ba.

"Wanda sana'arsa nuna gidajen mutane ga waɗanda ba a san asalinsu ba? Shi zan ba 'yata?"

"Baba, tarihi yake koya musu," in ji Auta daga bakin ƙofa.

"Shi ya sa tarihin yake tafiya da ƙafarsa. Kada in sake ganin inuwarsa a nan."

Akwai wanda Baba yake so: Mai Shago, mai sayar da kayan adon gida a sabon gari. Yana kawo wa Baba aiki, yana durƙusawa har ƙasa in zai gaishe shi, ƙamshin turarensa yana rigan sa shiga gida. Shi ya saya wa unguwa sabbin kwaɗuna bayan sata ta biyu. Auta ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma in ya shigo ɗaki idonsa ba ya zama a kan mutane. Bango yake bi, da taga, da rufi.

Ita kuwa ba ta yarda da zancen da ake yi ba. Don ta nuna wa Jagora haka, sai ta kai shi gidan Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune ita kaɗai a ƙarshen lungu. A can ciki, bayan tsakar gida, akwai wata 'yar ƙofa da ba a ganinta daga titi, an sassaƙe ta da tsuntsaye da rassa, ta fi duk na unguwar kyau.

Jagora ya tsaya yana ta kallon sassaƙar.

"Yau Sarkin Surutu ya yi shiru," in ji Gwaggo, tana dariya.

Auta ta juya masa bayan ƙyauren, ta nuna masa wani tabon ƙuna mai kama da tafin jariri. "Aikina ne. Ina ƙarama na ajiye kyandir a nan na manta. Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci kamar ranar ba." Sannan ta dube shi. "Wannan ba ta baƙi ba ce. Ka yi min alkawari."

"Na yi, hasken idona. Ko a mafarki ba zan ambace ta ba."

Ba a jima ba Gwaggo ta tafi wajen 'yarta da ta haihu, ta kulle gida. Da ta dawo, sabon kwaɗon waje na nan yadda ta bar shi, amma 'yar ƙofar babu. Tsohuwar ta zauna a ƙasa gaban ramin, ba ta yi kuka ba, sai shafa bangon take yi. Maƙwabta suka cika gidan suna tambaya: wane baƙo ne ya taɓa shiga har nan?

Gwaggo ta ɗago ta dubi Auta. Kowa ya ga inda ta duba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na ji abin da ya faru. Wallahi ban faɗa wa kowa ba. Ki ɗauki wayata, don Allah."

Ta rubuta: "Kai kaɗai na kai wajen ƙofar nan. Kada ka ƙara kirana."

Ya daina kira. Ya daina zagayawa da baƙi ma. Ɗakin da yake haya yana gindin hasumiyar agogo, kuma in ta wuce zuwa makaranta takan ga tagarsa a rufe, an watsa wa bangon baƙin mai. Samarin unguwa sun koma zama a tsallaken titi, suna fuskantar ƙofarsa, ba hira, ba dariya. Kullum adadinsu ƙaruwa yake. Wata safiya ta ga an tara duwatsu a gefen kwata, an jera su kamar kayan sayarwa.

Saƙo ɗaya ya ƙara turowa: "An ce in bar gari. In na tafi, na amsa laifin ke nan a idonki. Ina nan."

Ba ta ba shi amsa ba. Abinci ma ya daina shiga. Umma tana kallonta tana girgiza kai.

Ranar wata Asabar da hantsi Mai Shago ya zo da kyauta a naɗe cikin takarda. Umma ta shigar da shi falo, ta koma madafa. Daga shagon Baba ana jiyo ƙarar zarto.

"Buɗe mana, gimbiya."

Madubi ne, an kewaye shi da katako mai sassaƙa, an shafe shi da fenti mai sheƙi har ba a gane asalin launinsa. Ta yi godiya a sanyaye. Ta juya bayansa don ta ga inda ake ratayewa. Bayan ba a shafa masa komai ba, kuma a kusurwar ƙasa, inda zarto ya yanke, akwai rabin tabon ƙuna, yatsu uku na tafin jariri.

Ta gane shi: tabon kyandirinta ne. A hankali ta mayar da fuskar madubin gare ta, sai ta gan shi a ciki, tsaye a bayanta, kusa fiye da yadda ta zata. Murmushin ya bar fuskarsa. Yana kallon idonta, ya kuma ga abin da ta gani.

"Yarana ne suka haɗa shi," in ji shi, muryarsa a tausashe. "Da alama akwai aibu a jiki. Kawo in canza miki."

"Bari in nuna wa Umma."

Ya kama gefen madubin. "Auta, ki yi tunani. Wa zai saurare ki? Yarinyar da ta kai ɓarawo gidan gwaggonta? Kuma kin makara. Da zan shigo na ga samari sun miƙe, sun nufi ɗakin Jagora."

Ƙarar zarton ta tsaya. A cikin shirun nan ta buɗe baki da duk ƙarfin da ya rage mata.

"Baba!"

Baba ya shigo da garin katako a gemunsa. Ta fizge madubin ta miƙa masa ta baya. Ya dubi tabon, ya shafa shi da babban yatsa. Ta ga fuskarsa ta canza, ta ga leɓensa na motsi.

"Ni na kai ka," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Ni na kai ka ka gaida yayata. Har ciki."

Da suka waiwaya, falon babu kowa sai ƙamshin turare.

Auta ba ta san lokacin da ta fita ba takalmi ba. Baba na gaba, rungume da madubin, yana gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Tun daga nesa suka jiyo hayaniyar. An riga an ɓalle ƙofar ɗakin, an jawo Jagora tsakiyar fili, rigarsa a yage, jini na zuba daga girarsa. Bai rufe fuska ba, bai roƙi kowa ba. Wani ya ɗaga dutse da hannu biyu.

Baba ya ratsa taron ya tsaya a kansa.

"Wanda zai jefa, ya fara da ni!" Ya ɗaga madubin sama. "Ga ƙofar yayata. Ku tambaye ni daga hannun wa ta fito."

Sunan da ya faɗa ya bi taron baki-baki. Duwatsu suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, samarin na kauce wa idon juna.

Auta ta durƙusa gabansa, ta danna gefen mayafinta a kan raunin. Hawaye ya hana ta ganin fuskarsa sosai.

"Ka yafe min. Na zarge ka."

"Kin zo ai," in ji shi, yana numfashi da ƙyar. "Shi ke nan."

'Yan sanda sun tare Mai Shago a tashar mota kafin la'asar. A rumbun bayan shagonsa aka sami ƙofar marayu da ta ɗakin karatu lafiya lau. Sauran an yayyanka su, an yi tebura da madubai, wasu sun riga sun bar ƙasar. Gwaggo ta karɓi guntayen tata a cikin kwali, ta sa a ƙarƙashin gado, ta ce kada wanda ya ƙara yi mata maganarsu.

Jagora ya yi kwanaki a asibiti, kuma idonsa na hagu bai koma gani kamar da ba. Baba ne ya riƙa kai masa abinci da kansa. Yakan zauna a bakin gadon har ya gama ci. Ranar da za a sallame shi, Baba ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa a juye.

"Ka turo manyanka."

Ba a ja lokaci ba. Ranar ɗaurin auren unguwa ta cika maƙil, har da samarin nan, su ne masu jera kujeru, kansu a sunkuye. Auta na cikin ɗaki tsakanin ƙawayenta wayarta ta yi ƙara.

"An ɗaura, matata. Don murna na kasa rubuta komai sai wannan."

"Ni ma, mijina. Allah ya bar mu tare."

Da za a tafi da ita, Umma ta rungume ta tana kuka, Gwaggo na yi mata faɗan ta daina kada ta sa yarinya kuka, alhali ita ma mayafinta ya jiƙe. Baba ya kama hannun Auta ya ɗora a kan na angon, ya haɗa su cikin tafukansa masu kaushi.

"Na so in ba da ita inda za ta halaka, Allah ya kare. Kai kuma na zalunce ka, ka yi haƙuri. Ga amana nan." Ya yi gyaran murya. "Allah ya yi muku albarka. Ya tsare gidanku daga mugun ido da mugun baki. Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku."

Duk gidan ya amsa da amin. Auta ta ji yatsun mijinta sun matse nata, ta matse nasa ita ma.