Fegin Albasar Zuhura

"Ki ɗago ki dube ni, Zuhura!"

Ba ta ɗago ba. Tana durƙushe a feginta na fadamar Morai tana dashen albasa, hannuwanta duk laka. Surajo na tsaye a kanta cikin farar shaddar da ya ɗinka don sabon aikin da ya samu a Gusau. Saura wata biyu a ɗaura musu aure.

"Na kama muna ɗaki can, masoyiyata. Mi kika nema cikin taɓo kuma? Ni zan riƙe ki, in riƙe Inna."

"Ka san dokar ƙungiyarmu ta mata," ta ce a hankali. "Wadda ta bar feginta rani guda ba shuka, a ba wadda ke jira. Shekara huɗu na yi kafin wanga ya zo hannuna."

"To, a ba ta mana!"

Sai a lokacin ta dube shi, idanunta sun kaɗa.

"Haka Baba ya ce wa Inna ranar da ta saida tumakinta. Kuma ya riƙe ta, har Allah ya karɓi abinsa. Bayan nan ni aka riƙa aikawa gidan Kawu da kwano, in tsaya bakin zaure ana kallona... Albasar ga ta raba ni da wannan kwanon, Surajo. Da ita nika sayen maganin Inna ba tare da na roƙi kowa ba."

"Wato mutuwata kike hange tun yanzu?"

"Allah shi kiyaye! Wallahi ba ni da kowa a raina sai kai. Ka bar ni nan da rani kawai, da damina in zo..."

"Matar rabin shekara? Mi zan ce wa mutane?"

Ya durƙusa kusa da ita, bai damu da shaddar ba.

"Zuhurata... ko ni, ko fegin nan. Faɗa mini."

Ta daɗe tana kallon fuskar da ta so tun tana 'yar makaranta. Sai hannunta ya kai ga ɗaurin irin albasa.

Surajo ya miƙe.

"Zan aiko a gaya wa Kawu a fasa auren."

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace a hanyar Mafara kukan ya ƙwace mata. Ta goge ido da bayan hannu, ta ci gaba da dashe, don rana ta fara yi wa irin zafi.